Ɗan littafi kan ibadar Yahudawa: yadda aikin ke tafiya

Lahadi, 14 ga Agusta, 2022

Shekara shida ina koyar da nazarin addinai a wata kwaleji a gida. Duk zangon da muka zo kan Yahudanci sai in tarar ɗalibai sun san labarin Bani Isra'ila tun daga Annabi Yakubu har ƙetare teku, amma in na tambaye su me Bayahude yake yi idan ya tashi da safe, sai aji ya yi tsit. Tunda Allah ya kawo ni Landan ƙaro karatu, kuma unguwar da na sami ɗaki tana da majami'un Yahudawa da ake zuwa da ƙafa, na ƙudura in rubuta ɗan littafi da Hausa, shafi kamar sittin, babi bakwai, kan ibadarsu ta yau da kullum. Ba siyasa a ciki, ba gardamar aƙida. Abin da suke faɗa nake so in kawo, da lokacin da suke faɗarsa, da dalilin da su da kansu suke bayarwa.

Tun a layin farko na ci tuntuɓe. Kalmarsu ta Ibrananci ita ce tefilla, kuma na rasa abin da zan kira ta da Hausa. In na ce salla, mai karatu zai hango raka'a da ruku'u da sujada. In na ce addu'a, zai hango mutum ya ɗaga hannu yana roƙon abin da ke ransa a duk lokacin da ya ga dama. Na sa "addu'a" na wucin gadi, na ja layi a ƙarƙashinta.

Lahadi, 21 ga Agusta

Babi na ɗaya, kan lokuta, ya kusa kammala. Sau uku ne a rana: Shaharit da safe, Minha bayan rana ta karkata, Ma'arib da dare. Ranar Asabar da ranakun idi da farkon wata ana ƙara ta huɗu, Musaf. A cikin Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu na da, akwai ra'ayi biyu kan asalinsu. Ɗaya ya ce kakanni ne suka kafa su: Ibrahim ta safe, Ishaƙu ta yamma, Yakubu ta dare. Ɗayan ya ce an tsara su ne a madadin hadayun da ake yankawa kullum a Haikalin Ƙudus, safe da yamma, ta dare kuma tana daidai da ƙona ragowar kitse da gaɓoɓi a kan bagade. Ra'ayi na biyun shi ya buɗe mini kan abin. A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka rushe Haikali, wurin yanka ya tafi, sai malamansu da suka taru a garin Yabne suka mai da kalma ta tsaya a gurbin rago. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta mamakin yawan ambaton Ƙudus da Haikali a littafin addu'arsu.

Lissafin lokacin ya ci mini kwana biyu. Suna raba yini gida 12 daidai, komai tsawonsa, kowane gida a kira shi sa'a. A nan Landan sa'ar watan Yuni ta haura minti 80, ta Disamba kuwa wajen 40 ce. Dole a karanta Shema, wato ayoyin Attaura na shaida kaɗaitar Ubangiji, ta safe kafin ƙarshen sa'a ta uku, Minha ta fara daga rabin sa'a bayan tsakar rana zuwa faɗuwarta, dare kuma ya tabbata idan taurari uku sun fito. Sabuwar rana tana farawa ne da faɗuwar rana, yadda muke cewa daren Juma'a alhali muna nufin daren Alhamis.

Abin da ya sa na fara shakkar kalmar da na zaɓa shi ne ramuwa. Wanda ɗaya daga cikin ukun ta kuɓuce masa bisa mantuwa ko larura, zai yi ta gaba sau biyu, ta biyun a madadin wadda ta wuce. Wanda ya bar ta da gangan ba shi da wannan dama. Ban taɓa jin an rama addu'a ba.

Talata, 30 ga Agusta

Babi na biyu: Shema. Sassa uku ne na Attaura, biyu daga Maimaitawar Shari'a, sura 6 da sura 11, ɗaya daga Littafin Ƙidaya, sura 15. Safe da dare ake karanta ta, a kuma maimaita lokacin kwanciya. Layin farko kalma shida ne, mai karantawa yana rufe idanunsa da hannun dama: ji, ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne. Ita ake fara koya wa yaro, ita kuma ake so ta zama ƙarshen maganar mai barin duniya.

Wanda ya yi karatun Larabci zai ji kunnensa na kama abubuwa. Shema 'yar'uwar sami'a ce, ehad kuma ahad ne. Na sa ɗan jadawali na irin waɗannan kalmomi a ƙarshen babin, amma na taƙaita shi, don kada ɗalibi ya ɗauka kamar lafazi ita ce kamar ma'ana a ko'ina.

Sunan Ubangiji mai harafi huɗu da ke rubuce a Attaura ba sa furta shi ko kaɗan. A cikin ibada suna cewa Adonai, a hira kuma Hashem, wato "Sunan". Na yanke shawarar ni ma ba zan rubuta yadda wasu ke ƙoƙarin furta shi ba. Littafi ne kan ibadar mutane, bai kamata ya ƙunshi abin da su suke kauce masa ba.

Litinin, 5 ga Satumba

Yau na shiga majami'a karon farko. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga aikin haɗa magunguna, shi ya nema mini izini tun makon jiya, domin akwai mai gadi a ƙofa kuma baƙo ba ya faɗowa haka nan. Bakwai saura kwata muka isa. Na bar hulata a kai, an ce ta wadatar, tunda rufe kai ake so. Takalmi kuwa ba a cirewa.

Mutum tara muka tarar har da dattijon, suna zaune suna duban ƙofa. Ana jiran na goma. Wannan shi ne minyan: maza goma Yahudawa da suka cika shekara 13. In ba su cika ba kowa zai yi tasa, amma ba za a fito da Attaura ba, ba za a yi Kaddish ba, wato addu'ar girmama sunan Ubangiji da masu makoki ma ke karantawa, jagora kuma ba zai maimaita babbar addu'ar da ake yi a tsaye da ƙarfi ba. Ni ina zaune a wurin amma ba na cikin lissafi, kuma ban ji wani abu a raina ba, don ƙa'idar a fili take. Akwai wani mutum da mahaifiyarsa ta rasu wata uku da suka wuce, shi ya fi kowa duba agogo, saboda wata 11 zai yi yana karanta mata Kaddish kuma ba ya yiwuwa sai da goma. Da wani saurayi ya shigo da jakar aiki a kafaɗa, na ga fuskar mutumin nan ta saki. A majami'un masu sassauci ana ƙidaya mata a cikin goman, a nan kuwa na masu riƙon gargajiya ne, mata suna da wurinsu daban a bayan shamaki.

Kafin a fara kowa ya yafa tallit, farin mayafi mai ratsi, da tuntaye a kusurwa huɗu, kowane zare takwas da ƙulli biyar. Sai tefillin. Nan ne na san sai na yi taka-tsantsan da alƙalamina. Ƙananan akwatuna ne biyu na baƙar fata, a ciki akwai ayoyin Attaura rubuce da hannu a kan fata, ɗaya a ɗaura a dantse daura da zuciya a naɗe igiyarsa sau bakwai a hannu, ɗaya a saman goshi. Duk Bahaushen da ya gani zai ce laya ce ko kambu, ni ma abin da ya fara zo mini ke nan. Amma laya don tsari ake ɗinka ta, wannan kuwa cika umarni ne: a cikin Shema aka ce a ɗaura kalmomin nan alama a hannu da tsakanin idanu, su kuma suka ɗauki maganar a zahirinta. Da safe kawai ake sawa, a cire bayan an idar, kuma ba a sawa ranar Asabar da idi. Ba zan yi amfani da kalmar laya a babin ba sai a jimla ɗaya, inda zan ce ba ita ba ce.

Zuciyar abin ita ce Amida, ma'ana tsayuwa. Ana cikin karatu da 'yar hayaniya, kowa da saurinsa, sai ɗakin ya yi shiru ɗif. Kowa ya ja baya taku uku, ya matso taku uku, ya haɗe ƙafafunsa, ya fuskanci Ƙudus. Leɓe na motsi, murya ba ta fita. Sun ce daga Hannatu mahaifiyar Sama'ila (Samuel, ba Isma'ilu ɗan Ibrahim ba) suka koyi haka. Ba a yi wa mai tsayuwa magana, ba a gilma masa ta gaba. Albarkatai 19 ne a ciki, ko da yake har yau sunanta "sha takwas", don daga baya aka ƙara ɗaya: uku na yabo, 13 na roƙo, uku na godiya da neman salama. Ana roƙon basira, tuba, gafara, lafiya, albarkar shekara, komawa Ƙudus, kuma duk da bakin jam'i, "warkar da mu", "gafarta mana". Sau huɗu ake sunkuyawa a ciki. Da aka gama, jagora ya maimaita ta da ƙarfi, asali don wanda bai iya ba ya ce amin. Jagoran nan ba malamin majami'ar ba ne, wani ne daga cikin jama'a. Duk wanda ya iya zai iya ja.

Da yawansu suna rausaya gaba da baya yayin karatu, sak almajiri a kan allo. Yahuda Halebi, malamin Andalus na ƙarni na 12, ya ba da wani dalili: da can littattafai sun yi ƙaranci, mutane da yawa kan kewaye guda ɗaya, kowa ya sunkuya ya duba ya ɗago ya ba na kusa wuri.

Da yake Litinin ce an fito da naɗaɗɗiyar Attaura daga ma'ajinta, an kira mutum uku. Litinin da Alhamis da Asabar ake karanta ta. A ƙarshe aka busa shofar, ƙahon rago, saboda watan Elul ake ciki, watan shirin tuba. Duka-duka minti 50. Saurayin nan ya naɗe kayansa ya ruga tashar jirgi.

Na dawo ɗaki na rubuta shafi tara ban tashi ba.

Lahadi, 11 ga Satumba

Na kira Kawu na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, karatun da aka tura ka ke nan?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, yaran da nake koyarwa ne nake so su san abin yadda yake, kada su ɗauko shi a bakin kasuwa." Ya tambaye ni ko na yi abin da suke yi. Na ce a'a, zama na yi a baya ina kallo. Ya ce to, in riƙe sallata, in kuma rubuta gaskiya ko a kan wanda ba mu tare da shi. Na kawo masa matsalar kalma, ya ce zai duba.

Aiki bai yi nisa ba wannan makon. Gyaran babi na uku kawai, da ɗan sakin layi kan tarihin siddur, littafin addu'arsu: na farko da aka sani Amram Ga'on ya tsara shi a Iraƙi a ƙarni na 9 ya aika wa Yahudawan Andalus, sai na Sa'adiya Ga'on, mutumin Fayyum ta Masar da ya rasu a 942, wanda ya rubuta bayanan nasa da Larabci.

Lahadi, 18 ga Satumba

Jiya na je ta Asabar. Dattijon ya gargaɗe ni tun da wuri: ba waya, ba biro, ba kuɗi, domin rubutu da kunna wuta da ciniki suna cikin ayyukan da aka hana a ranar. Don haka sai da na dawo na zauna ina tuno abin da na gani. Awa uku aka yi. Tsayuwar Asabar albarka bakwai ce kawai, an ɗauke roƙe-roƙen tsakiya, domin ranar hutu ba ranar kai kukan bukata ba ce. An kira mutum bakwai ga Attaura, wadda aka kasa gida 54 ana saukewa a shekara. Mai karatu yana bin layi da ɗan sandan azurfa mai siffar hannu, ba ya taɓa fatar, kuma rubutun ba wasali, sai wanda ya haddace ƙira'ar. Kason jiya ya ƙunshi la'anonin da ke sura 28 ta Maimaitawar Shari'a, sai na ji ya sassauta murya ya ƙara sauri har ya wuce su.

An yi wa Sarki Charles addu'a da Turanci. Kwana tara ke nan da rasuwar Sarauniya Elizabeth, kuma littattafan da ke hannunmu sunanta ne a ciki har yanzu. Kowace Asabar suna yi wa mai mulkin ƙasar da suke zaune addu'a, suna kafa hujja da maganar Irmiya ga waɗanda aka kai bauta Babila, cewa su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki.

Babban abin da na samo jiya yana cikin Kaddish. Ba da Ibrananci take ba, da Aramiyanci ce, kuma ko da masu makoki ke karanta ta babu ambaton mutuwa a cikinta, girmama sunan Ubangiji ne daga farko har ƙarshe. A irin wadda jagora ke yi bayan tsayuwa, ina bin littafin da yatsa, sai na ji ya ce "titkabbal tselotehon". Na duba fassarar: a karɓi tselota ɗinsu. Jijiyar kalmar ɗaya ce da salat ta Larabci, wadda ta ba mu salla, kalmar farko kuma, titkabbal, jijiyarta ɗaya da taƙabbal.

Da dare Kawu ya kira da kansa. Ya ce in buɗe Suratul Hajji aya ta 40, inda aka jero wuraren ibada, sawami'u da biya'un da salawatun da masajidu, ya ce malaman tafsiri da yawa sun fassara salawatun da majami'un Yahudawa. Ya ƙara da aya ta 83 ta Baƙara, inda aka ɗauki alkawarin Bani Isra'ila su tsai da salla. Ya ce, "Ka ce sallarsu, amma ka bayyana wa yara ba irin tamu ba ce." Haka zan yi. Ukun nan masu lokaci da alƙibla da jam'i da ramuwa za su zama "sallar Yahudawa", da shafi guda a gaba da ke zayyana bambancin: ba raka'a, ba kiran salla, wanke hannu ne ba alwala ba. Sauran roƙo da godiya su ci gaba da zama addu'a. Wannan na nufin komawa babi uku in canza kalmar wuri-wuri.

Laraba, 28 ga Satumba

Sun shiga shekara ta 5783 a lissafinsu, Litinin da Talata aka yi Rosh Hashana. Ban je ba, wurin ya cika da masu shi. Dattijon ya ba ni labarin busa ɗari na shofar da kuma faɗuwa ƙasa da fuska da ake yi a Musaf, abin da a wannan majami'a ba a yi sai a wannan idi da Yom Kippur, ranarsu ta azumi da neman gafara. Da ma na rubuta cewa ba su da sujada, yanzu na gyara. Na kuma ƙara labarin Ibrahim ɗan Musa bin Maimun, shugaban Yahudawan Masar da ya rasu a 1237, wanda ya yi ƙoƙarin dawo da yawan sujada da tsayuwa sahu-sahu da wanke ƙafa, yana cewa al'adun annabawansu ne da suka bari maƙwabtansu Musulmi suka riƙe. Wasu manyan jama'arsa sun yi masa tawaye, abin bai ɗore ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Jiya Yom Kippur, kuma an bar ni na shiga sa'ar ƙarshe. Azumin awa 25 ne, ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa fitar taurarin washegari. Ita ce kaɗai ranar da sallolinsu ke kai biyar. Na tarar da mutane cikin fararen kaya da takalman roba ko na yadi, don an hana na fata, leɓuna sun bushe. Da la'asar sun karanta littafin Annabi Yunusa gaba ɗaya. Ta biyar ɗin sunanta Ne'ila, rufe ƙofa, kuma ma'ajin Attaura a buɗe yake har aka gama, masu ƙarfi suna tsaye. Wani tsoho a gabana yana dafe da kujera, jikansa na riƙe da gwiwar hannunsa, ya ƙi zama. Suna furta laifuffuka a jere bisa haruffan Ibrananci, suna bugun ƙirji a hankali, nan ma da bakin jam'i: mun yi laifi, mun ci amana, mun yi ƙwace. Daga ƙarshe ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga murya da layin farko na Shema, sannan "Ubangiji shi ne Allah" sau bakwai, sai doguwar busa guda ɗaya.

Kalmarsu ta halartar zuciya ita ce kawwana. Ta haɗa abin da muke kira niyya da abin da muke kira khushu'i, kuma sai jiya na san yadda zan rubuta sakin layinta.

Laraba, 19 ga Oktoba

Babi biyar sun kammala, shafi 47. Na shida shi ne na addu'o'in gida, waɗanda kusan duka ke farawa da "baruk atta Adonai", albarka ta tabbata gare ka ya Ubangiji. Talmud ya so mutum ya yi ɗari a rana: ta wanke hannu, ta fitowa daga bayan gida, ta gutsura burodi, ta bayan cin abinci, ta jin tsawa, ta ganin bakan gizo. Matar dattijon ta yarda ta zauna da ni ranar Lahadi kan kunna kyandir na daren Asabar da sauran abin da ya shafi mata, don kusan duk abin da na gani zuwa yanzu daga ɓangaren maza ne.

Shekaranjiya suka fara ambaton mai kaɗa iska da saukar da ruwa a cikin tsayuwa, saboda damunar ƙasar Ƙudus da sanyi take zuwa. Roƙon ruwan kansa a nan sai farkon Disamba, kuma ina so in ji shi da kunnena kafin in rufe babi na bakwai. Kafin nan zan tura babi biyar ɗin ga biyu daga cikin tsofaffin ɗalibaina su karanta su gaya mini inda suka tsaya, kwafi ɗaya kuma a buga a kai wa Kawu.